Filin Gwaggo: Kayan Sallar Marayu, Sabo Ko Gwanjo?

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan wata sun taru a kan magana ɗaya, wato sutura da yadda ake bayar da ita ga wanda ba shi da hali. Azumi ya ƙarato, kuma duk wadda ta yi rayuwarta a kan keken ɗinki kamar ni ta san tun daga Sha'aban hankalin iyaye ke komawa kan kayan sallah. Na zaɓi wasiƙu uku daga ciki. Kamar kullum, na cire sunaye.

TAMBAYA TA FARKO

Gwaggo, ina gaisuwa da fatan kina lafiya. Ni matar aure ce a Zariya. Mu matan unguwarmu muna haɗa ɗan abin da ya sawwaƙa duk wata, idan azumi ya zo mu yi wa marayu kayan sallah. Bana kuɗin bai taka kara ya karya ba, ga tsadar kaya. Sai kanmu ya rabu. Wasu suka ce mu sayi dila guda ta gwanjo mu haɗa da kwancen 'ya'yanmu, kowane yaro ya samu kala biyu ko uku. Wasu suka ce a'a, sabo za a ɗinka ko da kala ɗaya ne. Shugabarmu ta ce da babu gara ba daɗi, kuma maraya ba ya zaɓe. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba, amma na rasa hujjar da zan ba su. Me kika gani?

AMSA

'Yata, Allah Ya saka muku da alheri, Ya sa ku gani a mizani. Amsata ita ce ku ɗinka sabo. Kala ɗaya sabuwa ta fi wa yaron nan kala uku na kwance a ranar sallah, kuma zan gaya miki dalili.

Amma kafin nan, kada wata a cikinku ta fita da cewa Gwaggo ta zagi gwanjo. Ban zage shi ba. Gwanjo ya rufa wa gidaje da yawa asiri, har da nawa. Ki shiga Ƙofar Wambai a Kano da hantsi ki ga irin mutanen da ke durƙushe gaban tulin kaya: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, ɗalibai, matan aure. Gwanjo yana cikin jerin kayan da gwamnatin Najeriya ta hana shigowa da su, duk da haka bai fasa shigowa ta Kwatano ba, saboda mutane suna buƙatarsa. Sai dai ki lura da abin da uwa take yi a gaban mai gwanjo. Ta ɗaga riga, ta duba wuya da hammata, ta auna ta da idonta a jikin ɗanta, ta ajiye, ta ɗauki wata, ta taya, ta biya. Ita ta zaɓa, kuɗinta ta bayar, rigar ta zama tata. Wannan daban ne da a kwance dila a tsakar gida a jera yara a miƙa wa kowa abin da hannu ya faɗa kai. Kayan iri ɗaya ne, amma abin da ya shiga zuciyar yaron ba ɗaya ba ne.

Kwancen 'ya'yanku kuwa shi ya fi damuna, tun da unguwa ɗaya kuke. Manya suna iya kau da kai, yara ba sa yi. Yaro ya san rigarsa ko an rage mata tsawo, ƙawayensa ma sun san ta. Akwai wata yarinya a layinmu, ba ta fi shekara tara ba a lokacin, da aka ba doguwar rigar 'yar maƙwabta. Rigar mai kyau ce, ba ta tsufa ba, an wanke an goge. Ta saka ta fita da murnarta, sai wata a cikin yaran ta ce, "Lah, ai rigar wance ce ta bara." Ba da mugunta ta faɗa ba, abin da ta gani ta faɗa. Yarinyar nan ta koma gida ta cire rigar, kuma har aka gama yawon sallah ba ta ƙara leƙa ƙofar gida ba. Uwarta ce ta zo ta ba ni labari tana share hawaye da gefen mayafi, ta ce da ta sani da ta ci bashi ta yi mata ko yadi biyu ne.

Ki tuna mene ne sallah a wurin yaro. Ba a cikin ɗaki ake yin ta ba. Ana fita idi, a zaga gidajen dangi a karɓi barka da sallah, ku a Zazzau a je kallon hawa. Rana ce da kowa ke kallon jikin kowa. Duk sauran kwanakin shekara maraya ya san abin da ya rasa: babu mai dawowa da leda da magariba, babu wanda zai je makaranta idan an kira iyaye. Abin da sabuwar riga take yi masa shi ne ta ba shi yini guda da zai shiga cikin yara ya ɓace, babu mai nuna shi. Wannan ɓacewar ita ce kyautar da kuke bayarwa, yadin hanya ce kawai.

Game da cewa maraya ba ya zaɓe, ki gaya wa shugabarku cikin ladabi, don na san alheri take nufi, cewa Alƙur'ani ya riga ya yi magana a kan wannan. A aya ta 267 ta Suratul Baƙara Allah Ya umarci muminai su ciyar daga kyawawan abin da suka samu, Ya hana su nufin mummuna su bayar, abin da su kansu ba za su karɓa ba sai sun runtse ido. Malamai sun kawo daga sahabi Bara'u ɗan Azib cewa mutanen Madina sun kasance suna rataye zangarniyar dabino a masallaci domin talakawan da ke kwana a Suffa, wata rumfa da ke jikin masallacin, sai wasu suka riƙa kawo marar kyau, wanda ya bushe ko ya lalace, sai ayar ta sauka. Su ma waɗancan talakawan yunwa suke ji, da an bar su da sun ci. Ba a ce da babu gara ba daɗi ba. Kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa an ga Abu Zarri sanye da tufa, yaronsa mai yi masa hidima sanye da irinta, da aka tambaye shi sai ya ce Annabi (SAW) ya ce masu yi muku hidima 'yan'uwanku ne, ku ciyar da su daga abin da kuke ci, ku tufatar da su daga abin da kuke sakawa. To ga ma'auni mai sauƙi da za ku ɗora kowace riga a kai: za ki yarda ki saka wa ɗanki ita ya tafi idi?

Yanzu maganar kuɗi, don ita ce ainihin abin da ya raba ku, kuma masu cewa a sayi dila ba wauta suka yi ba. Tsoronsu kada wani yaro ya tashi babu komai, kuma wannan tsoro ne mai kyau. Amma kafin ku yanke cewa sabo ba zai isa ba, ku zauna ku yi lissafi da tela a gabanku. Kayan yara ba sa cin yadi. Turmin atamfa yadi shida ne, kuma a hannun mai iya yanka yana fitar da dogayen riguna na ƙananan 'yan mata biyu har da ɗankwali. Yaro namiji ɗan firamare yadi biyu zuwa uku ya ishe shi kaftani da wando. Ba sai shadda ba, yadi mai kauri wanda ba ya zuba ya wadatar. Ku bar aikin wuya da duwatsu, ɗinki mai tsabta wanda ya zauna a jiki ya fi ado mai yawa a kan riga mai ɗangalewa. Ku sayi yadin a sari, mutum biyu su shiga mota su je Kantin Kwari idan ya fi sauƙi bayan an cire kuɗin mota, kuma ku gaya wa ɗan kasuwar na marayu ne. Da yawansu suna ragewa, wasu har su ɗora nasu a kai.

Sannan lokaci. Wannan na roƙe ku da shi a matsayina na tela. Ku kai ɗinki tun a Sha'aban ko satin farko na azumi. Idan azumi ya raba tsakiya teloli sun daina karɓa, wanda ya karɓa kuma kuɗinsa ya hau, kuma kayan da aka yi wa ragi su ake turawa ƙarshen layi. A goman ƙarshe tela ba ya barci, ga wuta ba ta tsayawa, ga masu kaya a tsaye a kansa. Ba ya cikin halin da zai yi wa kowa alfarma. Amma ki je masa da wuri, shagon babu cunkoso, ki ce kayan marayu ne, za ki sha mamakin yawan waɗanda za su karɓi rabin kuɗi ko su ce a kawo zare da maɓalli kawai. Kuma kada ku taɓa ba uwa yadi babu kuɗin ɗinki. Na ga yadin marayu da yawa ya kwana a ƙasan akwati har wata sallar, na ga wanda aka sayar aka sayi masara, kuma ban ga laifin uwar ba.

Wani wurin da kuɗi ke zurarewa shi ne bikin rabo. Rumfa, kujeru, lasifika, lemon manyan baƙi, allon da aka rubuta sunan ƙungiya. Ku haɗa kuɗin wannan ku gani ko yara nawa zai tufatar. Ku bar shi gaba ɗaya. Haka kuma ku bincika su wa ke rabo a unguwar ban da ku. Kwamitocin marayu na masallatai, irin na Izala da ake tara wa kuɗi a wuraren tafsiri duk azumi, da hukumomin zakka a jihohin da ke da su, duk suna da jerin sunaye. Sau da yawa yaron da gidansu ke bakin titi ya samu daga wuri uku, na cikin lungu bai samu ko ɗaya ba. Idan kuka gwada takardunku da nasu, nauyin da ke kanku zai ragu.

Akwai kuskure guda da masu sabon kaya suke yi wanda yake rushe duk abin da na faɗa a sama, shi ne anko. A sayi bandir guda a yanka wa yara talatin, saboda ya fi araha. Ranar sallah duk wanda ya ga wannan zanen ya san na marayu ne, kuma yara za su raɗa masa suna kafin la'asar. Kun kashe kuɗin sabo, kun kuma rataya wa yaron alama. Ku gauraya kaloli ko da zai ɗan ƙara kuɗi. In da hali ma ku baje zanuwan a ɗakin ɗaya daga cikinku, iyaye mata su riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta zaɓar wa 'ya'yanta. Uwa ta san wadda ke son ja da wanda ba ya son fari. A kuma gwada kowane yaro da awo, kada a yi ƙiyasi. Riga mai jan ƙasa da wando mai tsayawa a ƙwauri suna faɗa wa kowa cewa ba don wannan yaron aka yi su ba.

Kada ku manta da ƙafa da ciki. Sabon kaftani a kan tsinkakken silifa bai gama aiki ba. Takalmin roba sabo, hula ga namiji, ɗan mayafi ko hijabi ga mace, da kamfai da singileti. 'Yan matan da suka fara tasawa suna buƙatar rigar mama, kuma ba za su taɓa buɗe baki su roƙa ba. Mace ɗaya mai hankali a cikinku ta ɗauki wannan ɓangaren ta yi shi a asirce.

Abu na ƙarshe a kan wannan, kuma a wurina shi ya fi duk sauran. Idan kayan sun fito daga wurin tela, kada ku miƙa wa yaron. Ku kai wa uwarsa ko mai riƙonsa da daddare, cikin baƙar leda, kamar kun je sannu da shan ruwa. Ita za ta ɓoye a akwati, ita za ta fito da shi daren sallah ta ce ga kayanka. Yaro ba ya buƙatar sanin sunan ƙungiyarku. Yana buƙatar ya ga uwarsa ta iya yi masa abin da iyayen wasu suka yi. Matar nan ta rasa miji, ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, wataƙila ta sayar da atamfofin lefenta ɗaya bayan ɗaya don a ci abinci. Ku bar mata wannan matsayin a idon 'ya'yanta. In kuɗi ya yi saura, ita ma a yi mata zani da riga, don uwar da ba ta da abin fita ba za ta raka kowa gidan dangi ba. Kuma idan maraya yana riƙo a gidan kawunsa wanda shi ma bai iya yi wa nasa 'ya'yan ba, ku duba gidan gaba ɗaya. Ku yi wa ɗaya sabo ku bar huɗu suna kallo, kun jawo masa baƙin jini a inda yake kwana.

Dilar gwanjon kuma ba a hana ku ba. Ku ajiye shawararta zuwa lokacin sanyi, ku sayi rigunan sanyi da kayan zaman gida, ku wanke, ku bar iyaye su zaɓa. Kowanne da ranarsa.

TAMBAYA TA BIYU

Gwaggo, ni ma'aikacin gwamnati ne a Gusau. Ki yi haƙuri, amma ina ganin kamar ku mata kun ɗauki tufafi da muhimmancin da ya wuce kima. Mutane suna kwana da yunwa. Kuɗin turmi ɗaya zai sayi kwanukan hatsi. Wanda cikinsa ke kuka ina ruwansa da sabuwar riga? Ba gara a mayar da duk kuɗin abinci ba?

AMSA

Ɗana, babu abin haƙuri, kuma rabin maganarka gaskiya ce. Idan ka shiga gida ka tarar ba a ɗora tukunya ba tun jiya, ka sayi hatsi, kada ka tsaya neman tela. Ni ma na san halin da ake ciki. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 cewa mutum miliyan 133 a Najeriya suna cikin talauci ta fuskoki da dama, kuma kusan miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. Wannan kafin a cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 ke nan, kuma kai da kake karɓar albashi ka fi ni sanin inda mafi ƙarancin albashin naira 70,000 yake tsayawa a wata.

Inda muka rabu shi ne a nan. Saboda abinci ne gaba, tufafi shi ne abin da gidan talaka yake fara yankewa, kuma shi ne abin da ba ya komawa kansa. Yau a ce bari a ga wata mai zuwa, gobe haka, har shekara biyu ta wuce ba a ɗinka ko ɗankwali ba. Yunwa tana da murya, maƙwabci yana iya jin kukan yaro ya miƙo tuwo. Rashin sutura shiru yake yi. Mai shi ba ya roƙo, janyewa yake yi daga cikin mutane, kuma janyewar nan tana ƙara masa talaucin.

Bari in nuna maka yadda abin ke tafiya a wurin mata, tun da ka ce mu ne. Matar da zaninta ɗaya, idan ta wanke sai ta zauna a ɗaki har ya bushe. An yi haihuwa a dangi, ba ta je suna ba. An yi biki, ta aika a ce ba ta da lafiya. To a wurinmu zuwa suna da biki ba shaƙatawa ba ce kawai. A nan ake saka gudummawa a kuma rama maka ranar taka, a nan ake shiga adashi, a nan ake jin wance tana neman mai yi mata wanki ko mai kawo mata ƙuli. Wadda ta daina zuwa an daina tunawa da ita, ranar da ɗanta ya kwanta ciwo babu wanda ke jin nauyinta. Na san matan da suka ƙi zuwa awon ciki saboda kunyar abin da za su ɗaura a gaban ma'aikatan asibiti. Haka yaron da yunifom ɗinsa ya yage a baya yake fara laɓewa a hanya, daga nan ya daina zuwa makaranta gaba ɗaya. Ku maza ma kun sani. Magidanci nawa ne yake tsayawa a sahun ƙarshe ranar Juma'a ya fice kafin a gaisa? Saurayi nawa ne aka ce ya zo a gan shi don aikin gadi ko tuƙi ya rasa rigar da zai shiga ofis da ita?

Shari'a ma ba ta raba su ba. A aya ta 89 ta Suratul Ma'ida, kaffarar rantsuwa ciyar da miskinai goma ce ko tufatar da su, an jera su kafaɗa da kafaɗa. Kuma Muslim ya ruwaito daga Jariru ɗan Abdullahi cewa wasu mutane daga ƙabilar Mudar sun zo Madina babu takalma, babu tufafin kirki sai guntayen mayafan ulu, fuskar Annabi (SAW) ta canza saboda abin da ya gani, ya tara mutane ya yi huɗuba ya ce kowa ya yi sadaka daga dinarinsa da dirhaminsa da tufarsa da alkamarsa da dabinonsa. Aka tara tsibi biyu, na abinci da na tufafi, har fuskarsa ta yi haske.

Akwai kuma inda kuɗin ke zuwa. Ba zan ce maka sayen atamfa yana raya masaƙunmu ba, don ba haka ba ne. Masaƙun Kakuri a Kaduna, irin su Kaduna Textiles (KTL) da aka buɗe a 1957 da Arewa Textiles, sun daɗe da yin shiru, kuma mafi yawan abin da ke Kwari yau daga Chaina yake zuwa. Wannan ciwo ne da har yanzu nake jin sa. Amma ɗinkin a nan ake yin sa. Kuɗin ɗinki yana shiga hannun tela na bakin layinku, da yaron da ke masa guga da saka maɓalli, da bazawarar da ke ɗinki a ɗakinta da keken da ta samu a gado. Su ma hatsi za su saya da shi. Idan kana da dubu goma na sadaka, ka sa bakwai ko takwas a abinci, ban hana ka ba. Ka dai bar wani abu don jikin mutumin.

TAMBAYA TA UKU

Gwaggo, mu matasa ne a Abuja. Lokacin ambaliyar Maiduguri mun tara kaya ta Facebook da WhatsApp muka aika. Abin da ya ba mu kunya, da muka buɗe buhunan da mutane suka kawo, kusan rabi tsummokara ne. Yanzu muna so mu ci gaba da aikin, amma masu ba mu kuɗi suna cewa sai sun ga hoton waɗanda aka bai wa. Yaya za mu yi?

AMSA

'Ya'yana, Allah Ya yi muku albarka. Wanda ya ga abin da ya faru bayan madatsar Alau ta ɓalle a ranar 10 ga Satumban 2024 ba zai manta ba. Ruwa ya shiga Gwange da Kasuwar Monday da fadar Shehu da asibitin koyarwa, mutane suka fito cikin dare da abin da ke jikinsu kawai, har aka sake buɗe sansanin Bakassi da aka rufe tun 2021. A irin wannan rana kwance mai tsabta rahama ne, babu mai jiran tela. Amma kun ga da idonku abin da ke faruwa idan aka ce a kawo kaya ba tare da sharaɗi ba: wasu sharar ɗakinsu suke kwashewa. Ku kuma ku biya kuɗin mota ku kai ta har Barno, a can ta zama juji. Waɗanda ruwan ya kora kuma ba mabarata ba ne, a cikinsu akwai 'yan kasuwa da malamai da ma'aikata waɗanda jiya suke da akwatuna cike. Ku yi tunanin dattijuwar da aka miƙa wa riga mai tabon manja a gaban surukanta.

Don haka ku sa doka tun a sanarwa: wankakke, gogagge, babu yaga, babu tabo, a ninke. Ku buɗe kowace leda a gaban mai ita, wanda bai cika sharaɗi ba ku mayar masa cikin mutunci. Ku ware na maza da na mata da na yara, ku rubuta shekaru a jikin buhu, don kada rabo ya koma wawaso. Kuma akwai abubuwan da ba a karɓar kwancensu ko da wane hali ake ciki: kamfai, rigar mama, audugar mata, da kayan jariri sabon haihuwa. Waɗannan da kuɗi za ku saya sababbi. Hukumar UNFPA ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana raba wa mata a sansanonin Arewa maso Gabas jaka mai irin waɗannan kaya haɗe da sabulu, kuma duk macen da ta taɓa kwana a sansani za ta gaya muku darajarta. Ku ƙara da zani sabo. A hannun mace zani ɗaya shi ne sutura, shi ne majanyin goyo, shi ne abin rufa da dare, shi ne labulen da za ta kare jikinta idan za ta yi wanka a wurin da babu ƙofa. Mata su raba wa mata, a cikin tanti ko aji, ba a fili ba.

Maganar hoto kuwa, masu ba ku kuɗi suna da haƙƙin su san inda dukiyarsu ta tafi, don an sha cin amana da sunan marayu da 'yan gudun hijira. Amma fuskar yaro ba rasit ba ce. Ku nuna musu rasit na gaskiya daga kasuwa, ku ɗauki hoton kayan a jere kafin rabo, hoton teloli suna aiki idan sun yarda, da takardar da mai unguwa ko limami ko shugaban sansani ya sa wa hannu cewa kaya kaza sun iso gida kaza. Wanda bai gamsu ba ku gayyace shi ya zo ya gani da idonsa, ya bar wayarsa a aljihu. Hoton da kuka ɗora a intanet ba ya gogewa. Yarinyar da kuka ɗauka tana riƙe da leda yau, nan da shekara takwas budurwa ce, kuma wani zai iya tono shi ya tura wa dangin mai nemanta. Kada ku ce ai ta yarda. Wanda ke tsaye a layi yana jiran abin da ke hannunka ba ya iya ce maka a'a. Allah Ya ce a aya ta 264 ta Baƙara kada a ɓata sadaka da gori da cutarwa, kuma a ta 271 Ya ce ɓoye ta a kai wa matalauta shi ya fi alheri.

Haka nan kada ku buga sunan ƙungiyarku ko tambarinta a jikin riga ko hijabi, kuma idan wani mai neman kujera ya ce zai ba ku atamfa mai hotonsa ku raba, ku ce masa ya ba ku kuɗinta ku sayi wadda babu fuskar kowa. Idan wani mai bayarwa ya dage sai ya ga fuskoki, ku ba shi haƙuri ku mayar masa da kuɗinsa.

Masu tambaya a kan rabon naman layya da kuɗin makarantar marayu, wasiƙunku sun iso, za mu duba su a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.